Mulkin Ayyuka Masu Gudana a Cikin Kwamfuta ta Layin Umarni



Gabatarwa

Duk ma'aikacin da ya saba zama gaban kwamfuta ya san ranar da takan cije, a danna nan a danna can ta ƙi amsawa. Abin da aka saba yi a irin wannan rana shi ne a danne maɓallin wuta har ta mutu, ko kuwa a zare waya daga bango, sa'an nan a sake kunnawa. Sau da yawa takan tashi lafiya, shi ya sa aka ɗauki wannan ɗabi'a tamkar magani. Amma wata rana takan tashi da fayil guntu, watau jerin albashi wanda bai kai ƙarshe ba, ko rajistar asibiti da ta ƙi buɗuwa, ko sakamakon jarrabawa da aka yini ana shigarwa ya salwanta.

Manufar wannan lacca ita ce a nuna cewa ana iya kauce wa irin wannan hasara idan ma'aikaci ya riƙe matakai uku bi da bi: ya fara dubawa, sa'an nan ya yi gargaɗi, sai in gargaɗi ya ƙi ci ya zartar da hukunci. Za a ɗauko misalai daga ƙasar Safana da maƙwabciyarta Batsari, a yammacin Jihar Katsina, domin a can raunin layin sadarwa da ɗaukewar wuta sun sa wannan ilmi ya zama na larura.

Mene ne Aiki Mai Gudana?

Wajibi ne tun farko a bambance tsakanin manhaja da aiki mai gudana. Manhaja rubutattun umarni ne da ke ajiye a kan faifai, ba ta motsi, ba ta cin komai sai wurin ajiya. Idan aka tashe ta, sai kwamfuta ta kwafo ta cikin ƙwaƙwalwarta, ta ware mata wuri, ta ba ta lamba, ta riƙa ba ta rabonta na lokaci. Wannan abu da aka tasa, mai lamba da wuri da rabon lokaci, shi ne aiki mai gudana. Ana iya tayar da manhaja guda sau uku, a sami ayyuka uku, kowanne da tasa lamba, kamar yadda magina uku za su iya aiki da zanen gini ɗaya a unguwanni dabam-dabam.

Mai rarraba lokaci da wuri a tsakanin ayyukan nan shi ne ɓangaren da za a kira cibiya. Cibiya takan ba wannan aiki ɗan lokaci wanda bai kai ƙiftawar ido ba, ta karɓe ta ba wancan, ta haka har mutum ya zaci duk a lokaci guda suke tafiya. Saboda haka idan aka ce kwamfuta ta cije, galibi ba dukkanta ce ta cije ba. Aiki ɗaya ne daga cikin ɗaruruwa ya handame lokaci ko ya cika ƙwaƙwalwa, sauran suna nan da ransu suna jiran rabo. Mai zare waya daga bango ya hukunta gari duka ke nan saboda laifin mutum guda.

Layin Umarni da Tafintansa

Layin umarni shi ne wurin da mutum yake rubuta wa kwamfuta abin da yake so da kalmomi, maimakon ya nuna hoto da linzami. Tsarin da za a yi magana a kansa ya samo asali ne daga Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara ginawa a ɗakunan bincike na Bell a Amurka cikin 1969. A 1991 wani ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya rubuta sabuwar cibiya bisa wannan tafarki, ita ce Linux. A yau ita ce ke ƙarƙashin wayoyin Android da ke aljihun 'yan kasuwar Runka da ta Batsari, ita ce kuma ke ɗauke da akasarin manyan kwamfutocin da ke riƙe da shafukan intanet.

Tsakanin mutum da cibiya akwai wata manhaja mai karɓar abin da aka rubuta ta isar da shi, wadda ya dace a kira ta tafinta. Wanda aka fi amfani da shi a Linux shi ne bash, wanda Brian Fox ya fitar a 1989. Halin tafintan nan shi ne ba ya tambayar mutum ko ya tabbata. Abin da aka rubuta shi yake isarwa, harafi da harafi. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, to, a layin umarni karin maganar nan ta fi ko'ina gaskiya.

Zuriyar Ayyuka

Babu aikin da yake tashi da kansa. Kowane aiki wani aiki ne ya haife shi, don haka kowanne yana da lamba biyu a rajistar cibiya: tasa, da ta uwarsa. Idan aka bi salsalar nan sama za a tarar duk sun tuƙe ga aiki mai lamba 1, wanda cibiya take tayarwa da kanta idan an kunna na'ura. A da sunansa init, amma yawancin nau'o'in Linux na yanzu suna amfani da systemd, wanda ya fito a 2010. Umarnin pstree yakan zana wannan salsala kamar bishiya.

Wanda ya san tsarin sarautar ƙasar Katsina ba zai sha wuyar gane wannan ba. Mai unguwa yana ƙarƙashin dagaci, dagaci yana ƙarƙashin hakimi, kamar Yariman Katsina a Safana ko Sarkin Ruma a Batsari, su kuma hakimai suna ƙarƙashin Sarki. Abin lura shi ne mutuwar uwa ba lalle ta kashe 'ya'ya ba. Idan uwa ta mutu ta bar ɗa yana gudana, ya zama maraya, sai a mayar da riƙonsa ga lamba 1, kamar yadda wanda ba shi da kowa yake komawa hannun hukuma. Saboda haka ma'aikacin da ya tsayar da uwa ya tashi, yana zaton ya gama, yana iya barin 'ya'ya suna ta cin ƙwaƙwalwa a bayansa.

Mataki na Farko: Dubawa

Umarnin da ke nuna ayyuka shi ne ps. Idan aka rubuta

ps aux

sai jeri ya fito, kowane aiki da layinsa: sunan mai shi, lambarsa, kason lokacin da yake ci, kason ƙwaƙwalwar da ya riƙe, halin da yake ciki, da umarnin da ya tashe shi. Wannan hoto ne na lokaci guda. Wanda yake son ya ga abin yana motsi sai ya rubuta top, wanda William LeFebvre ya fara rubutawa a 1984, ko htop na Hisham Muhammad, mutumin Burazil, wanda ya fito a 2004. Su waɗannan sukan sabunta jerin a kai a kai, su ɗora mafi cin lokaci a sama. A saman allon top akwai alƙaluma uku masu nuna nauyin da na'ura ta ɗauka a cikin minti 1, da minti 5, da minti 15 da suka wuce. Idan na farko ya fi na ƙarshe girma, nauyi yana hawa ne, in kuwa ya fi shi ƙanƙanta, to, matsalar ta kama hanyar wucewa, haƙuri kawai ake bukata.

Wurin da ya fi cancanta a tsayar da ido shi ne harafin da ke nuna halin aiki. R na nufin yana gudana ko yana layin jiran rabonsa. S na nufin yana barci, yana jiran a taɓa shi, kuma wannan shi ne halin yawancin ayyuka masu lafiya. T na nufin an dakatar da shi. D na nufin yana jiran faifai ko wata na'ura ta amsa masa, kuma a wannan hali ko hukunci mafi tsanani ba ya kama shi sai abin da yake jira ya zo. Idan aiki ya daɗe a D, to, a binciki faifai ko filashin da aka soka, domin can ciwon yake. Z kuwa gawa ce: aikin ya riga ya ƙare, amma uwarsa ba ta zo ta karɓi labarin ƙarewarsa ba, don haka sunansa ya saura a rajista. Ba ya cin lokaci, kuma ba a kashe matacce. Maganinsa yana wurin uwar, ko ta karɓi labarin, ko ita ma ta ƙare lamba 1 ya share sunan.

Ke nan haruffa biyu daga cikin biyar ɗin nan suna gaya wa ma'aikaci cewa ƙarfi ba zai yi masa amfani ba. Wanda bai duba ba, ba zai san haka ba.

Mataki na Biyu: Gargaɗi

Umarnin da ake tsayar da aiki da shi sunansa kill, kalmar da ma'anarta a Turanci ita ce kisa. Wannan suna ya ɓatar da mutane da yawa, domin ainihin aikin umarnin shi ne kai saƙo. Ɗan aike ne, kuma saƙonnin da yake ɗauka, waɗanda za a kira ishara, iri-iri ne, kowace da lambarta. A ɗauka cewa a wani ofishi a Safana akwai manhajar lissafin albashi mai suna albashi, ta cije, an duba an ga lambarta 4312. Idan aka rubuta

kill 4312

ishara ta 15 aka aika, mai suna TERM, wadda ma'anarta ita ce a tattara a tashi. Manhajar da aka gina da kyau takan ji wannan ishara, ta zubar da abin da ke hannunta a kan faifai, ta rufe fayilolinta, ta cire alamar kulle da ta sa don kada wani ya taɓa fayil tana cikin aiki, sa'an nan ta fita. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Akwai wasu isharori masu sauƙi da ake aikawa ba tare da an rubuta kill ba. Danna Ctrl da C yana aika ishara ta 2, watau katse aikin da ke gaban mutum. Danna Ctrl da Z yana dakatar da shi ba tare da ya mutu ba. Daga nan umarnin jobs zai nuna ayyukan da aka jingine, bg zai sa aikin ya ci gaba a bayan fage, fg kuma zai dawo da shi gaba. Wannan dabara ta dakatarwa tana da amfani ƙwarai, domin idan ana shakkar wani aiki ne ya danne na'ura, ana iya dakatar da shi a ga ko ta sami sauƙi. In ta samu, an gano mai laifi, in ba ta samu ba, a sake shi ya ci gaba, ba a yi hasarar komai ba.

Akwai kuma pkill, wanda yake aika ishara da suna maimakon lamba, kuma a nan akwai tarko na musamman ga mai sa wa manhajojinsa sunan Hausa. Shi pkill ba ya neman cikakken suna, duk sunan da ya ƙunshi haruffan da aka ba shi ya shiga. To, a dubi kalmar albashi, za a ga haruffan bash a tsakiyarta. Ma'aikacin da ya rubuta pkill bash da niyyar rufe wani tafinta zai tsayar da lissafin albashi, alhali kuwa tafintan da mutum ke rubutu a cikinsa ba ya ma kula ishara ta 15, yana nan daram. Rigakafin wannan shi ne a fara rubuta pgrep -a da sunan, a karanta jerin waɗanda saƙon zai shafa, ko kuma a ƙara -x domin a tilasta cikakken suna.

Mataki na Uku: Hukunci

Idan an aika gargaɗi, an jira, an sake dubawa aikin yana nan, sai a rubuta

kill -9 4312

Ishara ta 9 ta bambanta da ta 15 ta wajen cewa aikin ba ya samun damar jin ta, balle ya shirya. Cibiya ce take kawar da shi nan take. Duk abin da ke hannunsa wanda bai miƙa ba ya tafi, fayil yana iya tsayawa a rabi, alamar kulle tana iya saura ta hana manhajar tashi gobe. Wannan ne dalilin da ya sa masu rumbun bayanai na PostgreSQL suka yi kashedi a cikin littafin jagoransu da a guji aika ishara ta 9 ga babban aikin rumbun matuƙar akwai wata hanya. Shi kansa systemd, idan zai tsayar da wata hidima, ta 15 yake fara aikawa, ya jira daƙiƙa 90 bisa ƙa'idarsa ta asali, sa'an nan ya aika ta 9. In na'ura ta iya haƙurin minti ɗaya da rabi, bai kamata ɗan Adam ya gaza ba.

Duk da haka, ishara ta 9 ta fi zare waya sauƙin ɓarna nesa ba kusa ba. Dalili kuwa shi ne Linux ba ta rubuta komai a faifai nan take. Takan tara a ƙwaƙwalwa, har abu ya yi kimanin daƙiƙa 30 kafin a kwashe shi. Ishara ta 9 aiki ɗaya take ɗauka, abin da ya riga ya miƙa wa cibiya zai isa faifai. Ɗaukewar wuta kuwa takan tafi da abin da kowa ya tara. Saboda haka idan mai janareta ya ce mai ya kusa ƙarewa, umarnin sync zai sa cibiya ta kwashe abin da ta tara zuwa faifai kafin a kashe.

Masu aiki da Windows, waɗanda su ne suka fi yawa a ofisoshin ƙananan hukumomi, su ma suna da waɗannan matakai uku. Umarnin tasklist shi ne dubawa, taskkill /PID 4312 shi ne gargaɗi, ƙara /F a kansa shi ne hukunci.

Fifiko Maimakon Kisa

Ba kowane aiki mai nauyi ne mai laifi ba. Wani yana yin abin da aka sa shi ne, sai dai ya tare hanya. Irin wannan ba tsayar da shi ake yi ba, rage masa matsayi ake yi. Kowane aiki yana da lambar kara, daga -20 zuwa 19, kuma yawanci daga 0 ake farawa. Gwargwadon girman lambar, gwargwadon yadda aikin yake yi wa sauran kara ya bar su su wuce. Umarnin renice -n 10 -p 4312 zai sa aikin ya ja baya, ya ci gaba a hankali. Ma'aikaci na iya ƙara wa aikinsa kara, amma ɗaga shi sama da na kowa sai mai cikakken iko a kan na'urar.

Tarihi ya nuna darajar wannan tsari. Ranar 20 ga Yuli, 1969, lokacin da kumbon Apollo 11 yake sauka a kan wata, kwamfutarsa ta sami aiki fiye da ƙarfinta, ta yi ta nuna gargaɗi mai lamba 1202 da 1201. Amma masanan MIT da suka tsara ta, cikinsu har da Hal Laning da Margaret Hamilton, sun gina ta yadda za ta watsar da ƙananan ayyuka ta riƙe na tuƙi da sauka. Da ba a jera ayyukan bisa fifiko ba, da sai an fasa saukar.

Idan Layi Ya Yanke

A nan ne maganar ta fi shafar Safana da Batsari. Sau da yawa kwamfutar da ake ba umarni ba ta cikin ɗakin, tana Katsina ko Abuja ko wata ƙasa, ana isa gare ta ta intanet da umarnin ssh. Idan layi ya yanke, aka tabbatar mai magana ya tafi, sai tafintan can ya sami ishara ta 1, mai suna HUP, wadda asalinta daga zamanin da ake haɗa kwamfuta da wayar tarho ne, ma'anarta an ajiye kan waya. Shi kuma tafinta sai ya isar da ita ga ayyukan da ke ƙarƙashinsa, su mutu. Aikin awa uku yana iya rushewa saboda yankewar layi, ba tare da kowa ya ba da umarni ba.

Mutanen wannan yanki sun ga mafi tsananin wannan hali a watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Safana da Batsari, saboda matsalar 'yan bindiga da ke fakewa a dajin Rugu. An yi watanni a haka. Duk mai hulɗa da wata na'ura ta nesa sai ya yi tafiya zuwa inda layi yake, ya yi abin da zai yi cikin ɗan lokaci, ya kamo hanyar gida tun da rana. An buɗe layukan daga baya, amma darasin bai tsufa ba, domin ko a ranar lafiya layin ƙauye yakan zo ya tafi.

Maganin wannan iri biyu ne. Na farko shi ne a sa nohup a gaban umarni, a rufe da alamar &, sai aikin ya toshe kunnensa ga ishara ta 1, ya koma bayan fage, ya riƙa zuba sakamakonsa a fayil mai suna nohup.out. Na biyu, wanda ya fi, shi ne a yi aikin a cikin screen, wanda ya fito a 1987, ko tmux na 2007. Waɗannan sukan buɗe zaure a can cikin na'urar nesa, wanda ba ya rufewa don mai shi ya fita. Idan layi ya dawo, ko bayan awa ɗaya ko bayan mako, sai a rubuta tmux attach a tarar da aikin inda ya kai. Sharaɗin kawai shi ne a buɗe zauren kafin a fara aikin, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Kammalawa

An ga cewa kwamfuta taron ayyuka ce masu lamba da salsala, kuma layin umarni ya ba ma'aikaci ikon ya yi magana da kowannensu shi kaɗai. An ga kuma cewa ikon nan yana da tsari: ps da top domin dubawa, ishara ta 15 domin gargaɗi, ishara ta 9 a ƙarshe, renice ga aikin da ya tare hanya ba da laifi ba, tmux ga wanda layinsa ba shi da tabbas.

Saura kira guda biyu. Ga shugabannin ofisoshi, ya kamata a rubuta matakan nan uku a takarda a manna kusa da kowace na'ura da ke riƙe da albashi ko rajista, domin wanda zai zare waya yawanci ba mugunta ce ta sa shi ba, rashin sanin wata hanya ce. Ga ɗaliban harshe kuwa, kalmomin da aka yi amfani da su a nan, irin su tafinta da cibiya da ishara da kara, shawara ce, ba a yanke hukunci a kansu ba. Aikinsu ne su gwada su a bakin ma'aikata, su ga waɗanda suka zauna, su musanya waɗanda suka ƙi. Akawun da aka koya wa cewa kill ɗan aike ne, da harshen da yake tunani da shi, zai yi wuya ya fara da lamba 9.